Igiyar da Baffa Ya Kira Dabaibayi

Shekaru suna goge abubuwa da yawa daga zuciyar mutum, amma ban ga shekarun da za su goge mini abin da ya faru tsakanin maigidana da mahaifinsa a kan wata igiya ba. Har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba.

Mu a Tambuwal muke zaune, maigidana yana koyarwa a makarantar firamare. Iyayensa kuwa suna wani ƙauye can gefen Kebbe, suna noma suna kiwo tun kaka da kakanni. Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Baffa, dogo ne kakkaura, irin mutanen da ko sun tsufa ba ka ganin sun rusuna. Wata damina yana dawowa daga kasuwa a bayan babur, santsi ya kwashe su, ya karye a cinya. Aka yi ɗori, ƙashi ya kama lafiya, amma doguwar kwanciya ta cinye masa ƙafafu. Idan ya zauna ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Salla kuwa daga zaune yake yi, an ajiye masa kujera a ƙarshen sahu a ɗan masallacin ƙofar gida.

Wannan kujerar ita ta fi karayar yi masa ciwo. Inna, surukata, ta gaya mini in ya dawo daga masallaci ba ya taɓa tuwo sai ya huce. Malamai sun faɗa masa sallarsa ta yi, shi ma ya sani, amma mutumin da ya tashi yana tsayuwa a gaban Ubangijinsa tun yana yaro, zuciyarsa ba ta karɓi zama ba.

Da muka kawo shi asibiti, likitan gashin ƙashi ya duba shi ya ce babu abin da ya rage sai motsa jiki. Ya riƙa riƙe hannun wani yana tsugunawa kaɗan yana tashi, kullum, har ƙarfin ya dawo. Likitan ya dubi maigidana ya ce ai ga babban ɗa nan, aiki ya same shi. Ni da Inna muka sunkuyar da kai. Bawan Allah bai san ya taɓo inda ba a taɓawa ba.

Maigidana shi ne ɗan fari. A gidansu Baffa bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In zai yi maganarsa sai ya ce “wancan”, in saƙo ne sai ya bi ta bakin Inna ko ta bakina, ko da kuwa suna tsakar gida ɗaya. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ya taras iyayensa suna yi. To a ce wannan mutumin zai miƙa wa wancan hannuwansa biyu, su yi gaba da gaba, yana nishi yana rawar gwiwa? Ko da wasa. Inna kuwa 'yar firit ce, in ta riƙe shi tare za su zube. Sauran 'ya'yan mata ne, kowace tana ɗakinta.

A hanyar fita maigidana ya koma wurin likitan shi kaɗai ya yi masa bayani. Sai likitan ya nuna masa hoton wata igiyar motsa jiki a waya. Faffaɗa ce kamar bel ɗin kujerar mota, ta rabu biyu, kowane ɓangare da mariƙi, a ƙarƙashin mariƙin kuma akwai ɗan madauki na sa ƙafa. Ana ɗaure ta a reshe ko a azara, mutum ya riƙe ya jingina nauyinsa a kanta, ya tsuguna ya jawo kansa ya tashi. Ya ce in dai an ɗaure ta da kyau kuma aka bi a hankali, za ta yi aikin hannun mutum.

Daga ranar gidanmu ya koma gidan zancen igiya. Na ɗauka tsadar ce ke damunsa, don wadda likitan ya nuna kuɗinta ya kusa na rago. Na ce masa in haka ne a sayar da tunkiyata mana. Ya yi murmushi ya ce ba nan gizo ke saƙa ba. Baffa sai ya tambayi kuɗinta, in ya ji an kai haka a kan igiya zai ce almubazzaranci ne, ba zai ko dube ta ba. Shi kuma ba zai sa Inna ta yi wa mahaifinsa ƙarya ba. Dole a samo wadda za a faɗi kuɗinta da baki sake, kuma ta iya ɗaukar Baffa.

Ta farko ta waya ya saye ta, mai arha sosai, aka aiko ta a motar Sakkwato. Kyakkyawa da ita, ruwan ɗorawa, yara har suna rububin taɓawa. Ya ɗaure ta a darbejiyar tsakar gidanmu, ya riƙe, ya kwanta baya. Ina gefe ina tankaɗe sai na ji ƙas, sai ga malam guda a ƙasa ƙafafu sama, kaji sun watse. Maɗaurin da ke daidaita tsawonta ashe roba ce aka shafa wa baƙin fenti. Na taso da salati, dariya na cina ina dannewa. Shi kuwa yana kwance yana duban reshen, abin da ya fara cewa shi ne, “Alhamdu lillahi da ni ne.” Nan take dariyar ta ɗauke. Na tuna cinyar Baffa da aka ɗora.

Bai sake yarda da hoto ba. Ranar da babu makaranta ya shiga mota ya tafi Sakkwato da kansa, ya bi shagunan kayan wasanni. Da ya dawo ya ba ni labari har da kwaikwayon masu shagon. Ya ce kowace aka miƙo masa sai ya ƙwanƙwasa maɗaurin da makulli ya ji ko ƙarfe ne, ya ja ɗinkin ya ga ko an maimaita shi, ya murza mariƙin ya ji ko zai zame a hannu mai gumi. Wani mai shago ya gaji ya tambaye shi ko raƙumi zai ɗaure. A ƙarshe ya sami wata baƙa, ba ta da ado, ba ta da wani suna da aka sani, amma ƙugiyarta da maɗauranta duk ƙarfe ne, kuɗinta kuma ba na jin kunyar faɗa ba ne. Sai da ya sa mai shagon ya rataye ta a ƙarfen rumfa ya yi lilo a kanta kafin ya biya.

Duk da haka bai kai ta ƙauye nan da nan ba. Baffa ya fi shi nauyi, saboda haka sai ya riƙa goya rabin buhun gero da zanena, yana tsugunawa yana tashi a gindin darbejiya safe da yamma. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, “Ke, lafiya mijinki ya koma goyo?” Na ce mata ƙanin yara ne muka samu, ba ya kuka ba ya shan nono. Ina wasa da baki, amma a raina ina duban mutumin nan ina jin wani irin girmansa da ban taɓa ji ba. Da ya tabbata ɗinki bai motsa ba, muka shirya sai Kebbe.

Saura yadda za a koya wa Baffa ba tare da an koya masa ba. Maigidana ya ɗaure igiyar a tsamiyar da ke daidai ƙofar ɗakin Baffa, ya juya wa ɗakin baya, ya fara yi kamar don kansa yake yi. Ya tsuguna a hankali, ya tashi a hankali. Ina zaune kusa da Inna muna gyaran wake, ina satar kallon ƙofar. Baffa yana kan buzunsa da carbi, fuskarsa tana wani wajen, amma carbin ya daina tafiya. Na ce a raina an dace.

Sai maigidana ya yi kuskuren da har yau in muka tuna yake dafe kai. Ya so ya nuna ƙarfin igiyar, sai ya kwanta rub da ciki ya zura ƙafafunsa biyu a madaukan nan, kamar yadda ya gani a waya. Ga mai kallon waya wannan motsa jiki ne. Ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin dabbobi kuwa, igiya a ƙafa biyu sunanta ɗaya, dabaibayi, wanda ake yi wa jaki don kada ya yi nisa. Baffa ya juya fuskarsa bango ya kira Inna.

“Ni nay yi ma jakkai dabaibayi,” in ji shi, “yau ga shi na haifi mai yi ma kainai. In don ni anka kawo abin ga, a kwance shi. Ban kai can ba tukuna.”

Maigidana ya ji, don ba a hankali aka faɗa ba. Ya zare ƙafafunsa, ya kakkaɓe rigarsa, ya kwance igiyar ya naɗe, ya fita. Na bi shi da ido har zaure. Na san irin wahalar da ya sha, na ji hawaye na neman zubo mini cikin waken.

Inna ba ta ɗago ba sai da ta gama tsince abin da ke farantinta. Sannan ta ce in ɗauko igiyar da allura da zare mai ƙarfi. Muka shiga ɗakinta, ta nuna mini madaukan ta ce in naɗe su in ɗinke su a jikin mariƙin, kada ko yatsa ya sami wurin shiga. Na ɗinke. Da Baffa ya fita masallaci da taimakon maƙwabta, ta sa maigidana ya shiga ɗakin ya ɗaure ta a azarar giginya da ta fi kowace kauri, ya yi lilo ya tabbatar, ya daidaita tsawonta da inda Baffa ke zama, ya fito.

Da Baffa ya dawo ya gan ta, kafin ya buɗe baki Inna ta riga shi.

“Duba da kyau, Malam, ina wurin ƙafa? Wagga igiyar guga ce. Shekara nawa kana jawo ma shanu ruwa? To yanzu kai ne cikin rijiyar, sai ka jawo kanka.”

Ya ɗaga kai ya dubi igiyar. Can ya tambayi nawa aka saye ta. Ta faɗa masa gaskiya. Ya ce to, da sauƙi, ko asara ce ba mai yawa ba ce. Inna ta fito ta ja masa ƙyaure.

Daga nan babu wanda ya sake ambatar igiyar a gidan. Muna zuwa muna komawa, maigidana bai taɓa tambayar ko ana amfani da ita ba. Ni ce mai ƙaiƙayin baki. Na tambayi Inna a madafa, ta ce ita ba ta ga komai ba, sai dai da hantsi in gida ya yi tsit takan ji azara tana kuka. Wata rana na shiga share ɗakin, na ga mariƙan sun yi duhu sun yi santsi, ƙasar da ke ƙarƙashinsu kuma ta lotsa daidai sawu biyu. Na fito da tsintsiyata ban share wurin ba.

Aka yi girbi, aka kai gero rumbu. Wata la'asar muna can, na ga Baffa ya fito da sandarsa shi kaɗai ya nufi masallaci. Ban san abin da ya kai ni jikin zanan da ke daura da masallacin ba, na dai sami kaina ina leƙe ta wata kafa. Da aka ta da iƙama wani ya matso masa da kujerar. Ya sa sanda ya ture ta gefe, ya jingine sandar, ya shiga sahu ya tsaya. Maigidana yana sahun baya, daidai bayansa.

Tsayuwar ba ta ba ni tsoro ba, ruku'u ma haka. Tashi daga sujada nake jira. Liman ya yi kabbara, kowa ya miƙe, Baffa yana ƙasa. Ya dafa hannuwansa, ya ɗago gwiwa ɗaya, na ga babbar rigarsa tana rawa. Taku ɗaya ne tsakaninsa da ɗansa. Na ga hannun maigidana ya motsa, sannan ya koma inda yake. Ni kuwa ina bayan zana ina ta ya Hayyu ya Ƙayyumu. A hankali, a hankali, dogon mutumin nan ya miƙe har ya daidaita da sahu. Haka ya yi har aka sallame. Daga baya maigidana ya ce mini shi bai san yadda ya kai ƙarshen sallar ba.

Da suka shigo gida, Baffa ya zauna a buzunsa yana haki, ya ce a ba shi ruwa. Na kawo na durƙusa. Maigidana yana tsaye a gindin tsamiya, bai fi a miƙa hannu a taɓa shi ba. Baffa ya sha, ya dube ni ya ce, “Ɗiyata, in kin ga wancan, ki ce mishi Allah shi yi mai albarka.”

Na juya na dubi maigidana, na ce, “Baffa ya ce Allah ya yi maka albarka.” Ya durƙusa inda yake, kansa a ƙasa, ya ce in ce ya gode.

Da ina ɗauka taimako shi ne ka kama hannun mutum ka ɗaga shi, ya gani, kowa ya gani. A gidan surukaina na koyi cewa wani in ka kama hannunsa ka karya shi. Irin wannan sai ka yi wahalarka a ɓoye, ka ajiye masa abin da zai kama, ka ja ƙyaure, ka bar shi ya tashi da mutuncinsa. Allah ya ba mu 'ya'yan da za su san irin riƙon da ya dace da mu ranar da ƙafa ta gaza.