Magen Bayan Shagon Kago

Mahaifina dillalin dabbobi ne a kasuwar garinmu, kuma a hannunsa na koyi cewa launi shi ne asali. Jar akuya 'yar Sakkwato ce, farar saniya bunaji ce, babu wani dogon bincike. Da wannan ilimin na sauka Dubai na kama aiki a wani shagon kago, masu aika kaya gida, a unguwar Deira, ina ji da kaina.

A shekarata ta huɗu na samo wa matata biza, muka kama ɗaki a unguwar Al Rigga, hawa na biyar. Ni in fita tun safe, ita ta wuni daga ita sai bango. Matar da a gidansu sai an roƙe ta take yin shiru, ta koma in yi tambaya uku ta amsa ɗaya. Wata biyu da zuwanta ta haɗa akwatinta ta ajiye bayan ƙofa, ta ce gida take so. Na tsorata ƙwarai, don na san in ta tafi da wuya ta dawo.

Na ce mu samo mage ta riƙa ɗebe mata kewa. Ta ce ita ba za ta zauna da magen bola ba, sai irin masu asalin nan da take gani a waya.

Ana haka na tsinci wata a bayan shagonmu, kwance kan kwalayen da za su Kano. Ruwan toka ce tun daga kai har wutsiya, ko ɗigo babu. Na ɗauki hotonta na kai wa wani Alhaji mai sarin takalma a kasuwar Naif, wanda bai taɓa cewa bai san abu ba.

"Wannan ai mai asali ce, 'yar Rasha, wallahi," in ji shi. "Dubi launin kawai. Khalas, shi ke nan, ka tsinci dami a kala."

Ni ɗan dillali, me zan jira? Na kai ta gida ina yi mata kirarin 'yar Rasha. Matata ta karɓe ta, ta fara yi mata hira, har dariya na ji wata rana daga kicin. Amma akwati na nan bayan ƙofa.

Da na kai magen rigakafi, likitar dabbobin ta duba ta tsaf, ta ce magen titi ce tsantsa. Ruwan tokar nan baƙi ne da ya dishe, ana samunsa a kowace irin mage. Asali a wajensu takarda ce mai sunayen iyaye da kakanni, ba launi ba. Ta ƙara da cewa magen tana da ciki. Na dawo gida a jirgin ƙasa, na ɓoye wa matata maganar likita. Kunya nake ji, ga tsoron kada a kore mu ni da magen gaba ɗaya.

Wata Asabar da la'asar matata ta kira ni ta ce in zo yanzu. Na same ta zaune a ƙasa, magen ta haifi 'ya'ya uku: baƙi ɗaya, mai zane-zane ɗaya, ta ukun dabbare-dabbare ja da baƙi. Ko mai ruwan toka ɗaya babu.

"Malam dillali," ta ce, "zo ka faɗa mini asalin waɗannan."

Na durƙusa na faɗi gaskiya duka. Ta yi dariya har da hawaye.

"Tun makon farko na sani. Wace mai asali ce ta iya buɗe kwandon shara da hannu ɗaya? Baƙuwa ce ba ta da kowa, shi ya sa muka shaƙu."

Ta dubi 'ya'yan suna rawar sanyi a kan tayil, sannan ta nuna bayan ƙofa.

"Yalla, maza jawo akwatin can. Zuba kayan a durowa, ka shimfiɗa musu tsohon zanena a ciki."