Makokin Maigida Yana Raye

Tun da maigida ya fara tuƙa motar lemu daga Binuwai zuwa kasuwar Zuba, barcina ya zama na zomo. In na kira bai ɗauka ba, kafin ya kira ni na riga na yi masa wanka da sutura a zuciyata. Shi dariya yake yi, wai ni ce macen da ke shiga takaba mijinta na cin tuwo.

A lokacin ƙanwata na zaune wurinmu a Tungan Maje, tana ajin ƙarshe na sakandare. Ni a firamare na tsaya, littattafanta kallonsu kawai nake yi. Amma na lura da wani siriri mai jan bango, na darasin adabin Turanci: in ta buɗe shi sai fuskarta ta canza, baki na motsi. Ta ce wasan kwaikwayo ne, malaminsu ya raba musu, kowa zai yi nasa a gaban aji a ba shi maki. Ban tambaye ta wace ce ita a ciki ba.

Wata Laraba na kai jaririyata rigakafi. Tun safe wayar maigida a kashe. Ina shigowa gida na ga takalma jere a ƙofar ɗakina kamar na masallaci, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ga ƙanwata a tsakiya, ido jajir, Iya mai koko ta rungume ta.

Maman 'yan biyu, maƙwabciyarmu Bayarabiya, ta tare ni ta karɓi goyona.

"Yi haƙuri, oga ya tafi," in ji ta. "Yarinya ya faɗa da Turanci, ni na ji da kunnena. Miji ya mutu, ba zai dawo ba."

Abin da na daɗe ina tsoro ya iso, sai na zube ina salati ina kuka.

"Yaya, ba fa..." Ƙanwata ta fara, Iya ta danna kanta a ƙirji.

"Yi shiru, 'yar nan, kar ki ƙara mata."

Haka dai, da ta buɗe baki sai a toshe shi da haƙuri.

Ana cikin haka muka ji sallama. Maigida ne, da kankana a kafaɗa. Ya ga tabarmi, ya ajiye ta, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ɗaga hannu.

"Allah ya jiƙan rai. Wa muka rasa?"

Iya mai koko ta yi waje da takalmi wari guda.

"Kai ne," na ce, ina riƙe da gefen rigarsa.

"Ni? Yaushe?"

Sai a lokacin aka bar yarinya ta yi magana. Ashe a wasan ita ce matar da mijinta ya mutu a yaƙi. Malam ya ce kukanta kamar mai karanta takardar magani, shi ne ta jira na fita, ta rufe ƙofa, ta yanka albasa, ta saki murya. Wayar maigida kuwa, caji ne ya ƙare a hanya tun Akwanga.

Maigida ya yanka kankana ya raba wa masu makokinsa, yana mitar mai shagon layinmu bai zo ba. Kowa na dariya, ni kuwa ban saki rigarsa ba har ya ce zai yi alwala.

Ranar wasan malam ya yaba mata sosai, ya tambaye ta ina ta koyi kuka haka. Wai ta ce masa nawa ta kwaikwaya.

Don Allah, in kuna da ɗaliba mai wannan darasi, ku tambaye ta wace ce ita a wasan, ku sanar da maƙwabta tun da wuri. Ku kuma direbobi, ku riƙa sa wayarku a caji kafin ku kama hanya.