Turaren Goggo Indo

Bappa Isyaku, ƙanin mahaifina, makanike ne a Ƙofar Ruwa. Ba ya taɓa komai a mota sai kan inji, wanda masu sana'ar suke ce wa tof silinda. Yakan ce mota da numfashi take tafiya, kan da ya fi shaƙar iska shi ya fi ja.

Ba shi da na'urar awo irin wadda na gani a jami'a. Wani tsohon injin zuƙe ƙura gare shi, ya liƙa masa tiyo. Sai ya ɗora kan injin a benci, ya buɗe bawul ɗin da ke toshe ramin shigar iska, ya kunna injin zuƙar, a kawo hayaƙi bakin ramin. Idan hayaƙin ya shige a miƙe, kan yana da kyau. Idan ya tsaya yana dawurwura, akwai sauran guga.

Hayaƙin kuwa na turaren wutar matarsa ne, Goggo Indo, wanda take haɗawa da hannunta. Ita take riƙe masa kasko a soron gidansu na Yakasai, tana mita wai yana ƙarar mata da turare a hancin ƙarfe. Shi kuma ya ce ai motarta ce. Injin wata tsohuwar a-kori-kura yake haɗawa, ya yi alkawarin kai ta rugar da aka haife ta, can bayan Dambatta. Kawuna uku ya tara don ya zaɓi ɗaya: na ainihi da ya sha guga, wani na hannu ɗan Beljiyam, da sabo fil a kwali.

Bai gama zaɓa ba ta rasu. Kwalbar turare ɗaya ta bari.

Tun daga nan ni nake riƙe kaskon duk Juma'a bayan la'asar. Ni dama ba mai magana ba ce, shi ma ya rage. Ko ni na ga ɗan Beljiyam ɗin ya fi sauran zuƙa, amma duk mako sai Bappa ya ce a sake, wai bai gani da kyau ba. Sai daga baya na lura idonsa a rufe yake idan hayaƙin ya tashi.

Turaren yana ta raguwa, kuma babu wanda ya san yadda take haɗa shi. Juma'ar da ta wuce na karkata kwalbar, abin da ya rage bai cika cokali ba.

"Bappa, wannan ne na ƙarshe. In zuba?"

Ya daɗe yana kallon garwashin.

"Bar shi, Luba. Miƙo min ɗan Beljiyam ɗin."

Washegari ya ɗaura shi a motar a Ƙofar Ruwa. Da motar ta tashi, ya naɗe kwalbar a tsumma, ya tambaye ni ko Baba zai bar ni in raka shi Dambatta. Wai hanyar rugar ba ta da kyau, yana son wanda zai riƙe kwalbar a cinya.