Ba'indiyen da Ya Yi wa Wata Azumi

Gari na wayewa a mashigin Rima na Goronyo, ga wani Ba'indiye tsaye cikin ruwa iya ƙugu. Siriri ne mai furfura, da zare rataye daga kafaɗa zuwa kwiɓi. An ce malamin awo ne, yana bin Baturen hanya. Jiya wata ya yi husufi, shi kuwa tun la'asar bai sa komi a baki ba.

Yana nutsewa, yana tasowa, leɓɓansa na motsi. Ina jin wata tsohuwa ce ta koya masa haka, a bakin wani kogi mai nisa.

Yana fitowa sai ya kwance buhun shinkafa, yana raba sadaka. Atika mai fura tana cika tana batsewa, don ya ƙi furarta, wai husufi ya same ta a dafe, ta ƙazantu. Sai ga shi ya cika mata ƙwarya.

"Baba Mainasara, mi as same shi?" ta tambayi mai fito.

"Wai wani dodo na, kai ba gangar jiki. Shi ka haɗe wata, watan shi hito ta wuya. Don haka na shi ka azumi da sadaka."

Atika ta jinjina ƙwaryar, fuskarta ta saki.

"To Baba, yaushe dodon ka dawowa?"