Shukar da Ta Ƙara wa Ƙanena Ɗauri

Ni lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, amma na san gudu idan na gan shi. Abin da ƙanena ya yi ba gudu ba ne.

Faɗan iyakar gona ya kai shi gidan kaso. Da suka ga ba shi da fitina, sai suka sa shi cikin masu fita aiki waje. Aikin me? Gonar babban gardi, can hanyar Dakusa, kusa da tamu. Saura wa ƙanena 'yan watanni ya fito, ruwan shuka ya sauka.

Duk ɗan ƙasar nan ya san laimar farko ba ta jira. Ni ƙafata ta karye tun tuni, ba na iya sara. Matar ƙanena ga iri a ƙwarya, babu mai yi mata rami. Ƙanena ya gama sare gonar gardi tas, gardin da ke tsaronsa yana barci a gindin gawo. Sai ƙanena ya saɓa sungumi ya taho gonarmu. Yana sara, tana zuba iri tana takewa. Ko fura bai zauna ya sha ba. Kafin la'asar ya koma da ƙafarsa.

Suka ce ya tsere. Aka ƙara masa shekara.

Na ɗaukaka ƙara a Zinder. Ba a kira mu ba sai da gero ya yi kai. Alƙalai a zaune cikin baƙaƙen riguna suna Faransanci, tafinta yana gutsuro mana.

Ya dubi ƙanena ya ce, "Ana tambayarka, wa ya ba ka izini?"

"Ranka ya daɗe, mai ba da izinin yana barci. Na ga tashinsa rashin kunya ne."

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na miƙe na ce, "A tambaye su mana, wane mai gudu ne yake dawowa da sungumin mutane a kafaɗa?"

"Malam, zauna! Ba kai ake yi wa shari'a ba," in ji tafinta.

Ba wanda ya tambayi gonar wa ya sare da safe, ko wace doka ta ce fursuna ya noma wa gardi. Aka ce hukunci yana nan yadda yake.

Gonar kuwa ta yi kyau, abin haushi. Da aka yi girbi matar ƙanena ta tuƙa tuwon sabon gero, na kai masa. A ƙofa, mai barcin nan ne ke duba abinci. Ya buɗe kwano, ya yanki loma, ya ƙara.

"Kai, baba, geron nan na ina ne?"

Na ce, "Na gudun ne."

Ya lashe yatsa, ya miƙa sauran ciki. Damina ta gaba ƙanena yana kulle, ba a ƙara fitar da shi ba. Gonarmu sabara ta cinye ta.