Fijon da Ta Ƙi Zama a Kan Do

Ku da kuka san Kawu Bulus, wa bai taɓa ganinsa da sassafe a gaban tsohuwar Fijonsa ba, bonet a buɗe, kai a karkace kamar kaza ta ji motsin shaho? Sai ya zaro 'yar sarewar ƙarfen nan da yake ba mawaƙan majami'armu murya da ita, ya busa, ya saurari injin, ya sake busawa. In ya ce "Ta sauka," ni ɗan ƙanwarsa, da gemuna da iyalina, sai in nemi takalmi, don na san yawon gareji ya same ni.

A ilimin Kawu, mota mai lafiya in an tayar da ita tana tsaye, dole muryarta ta zauna a kan do, inda mawaƙa ke ɗaukar waƙa. Tun da ya ji samari suna cewa ana yi wa mota cunin, wato saita muryar injin, shi ke nan, ya ce ai sana'arsa ce bakanikai suka sace. Mutumin da bai san inda ake zuba baƙin mai ba fa! Amma kunne, wa ya isa ya taɓa masa kunne? Da shi ya riƙe shugabancin mawaƙa tun ban san kaina ba, kuma ya sha faɗa cewa sai dai a zare sarewar daga hannun gawarsa.

Abu ɗaya ya iya a cikin injin, wato sassauta wayar fulogi. Da shi yake gwada bakanike. Kafin mu shiga gareji sai ya tsaya a bakin hanya ya yi aikinsa, mota ta shiga tana ɗingishi. Wani a Zonkwa, mai sabon allo da hoton motar tsere, ya zagaya ta yana girgiza kai kamar ya zo gaisuwar mutuwa. Ya ce injin ya gama yawo, sai an sauke, amma mun yi sa'a yana da wani a ɗaki. Kawu ya mayar da wayar a kan idonsa, Fijo ta miƙe sarai. Ya tambaye shi ko yana zuwa sujada, ya ce yana zuwa.

"To ranar Lahadi ka zauna a gaba, ɗana. Daga baya wa'azi ba ya isa wurinka."

Wasu samari a hanyar Kagoro sun ci jarrabawar waya, Kawu ya ji daɗi ya bar musu mota su yi mata cunin. Suka yanke mata salansa, bututun nan da ke rage ƙarar mota. Wayyo! Daga Kagoro har Kafanchan haƙorana ke kaɗawa, masu acaɓa suna ba mu hanya, shi kuwa abin da ya ce kawai, kamar ta ɗan ɗaga murya. Ranar Lahadi ya shiga harabar majami'a da ita, matan zumunta suka watse, fasto ya tsaya a tsakiyar addu'a. Washegari ya koma ya gaya wa samarin ya kawo musu mawaƙiya, sun mayar masa da mai tallan magani a tasha.

Ba motar kaɗai ce ke sauka ba a lokacin. Mawaƙa ma, a cewarsa, kullum sun sauka. Kawu ya sa 'yan mata kuka a wurin koyon waƙa, musamman Rifkatu, wadda duk ta fi su murya. Kuma duk mun san abin da ake ciki. Dattawan majami'a, da bakinsu ba ya gajiya da zunubin mutane, suka yi gum. Bakanikai kuwa me ya dame su? Su murɗa wani abu, su ce Baba saurara yanzu, ya dawo mako mai zuwa. Har yau abin yana ba ni haushi.

A haka muka faɗa garejin Malam Iliyasu a bayan kasuwa, dattijo mai baƙin rai kamar Kawu, wanda samari masu son gudu ke yi wa layi. Nan take ya mayar da wayar. Kawu ya busa sarewa, ya ce ta sauka zuwa la. Malam Iliyasu ya ce shi bai san do ba, bai san la ba. Sai ya zagaya bayan Kawu ya kira shi, ya sake kira. Kawu bai juya ba. Ya dawo gabansa ya ɗaga murya.

"Baba Bulus, motarka lafiyarta lau, ba zan taɓa ta ba. Kunnenka ne ya sauka."

Kawu ya kira shi mara kunya, ya kira shi jahilin waƙa, ya ja ƙofar mota da ƙarfi. Muka koma gida. Ranar Lahadi bayan sujada ya kira Rifkatu a gaban kowa, ya sa mata sarewar a hannu, ya ce kada ta tofa mata yawu da yawa. Ya je ya zauna a bencin dattawa. Ban iya kallonsa ba.

Tun daga nan ba wanda ya ƙara taɓa Fijo sai Malam Iliyasu. In an tambayi Kawu bakanike mai amana, sai ya ce a je wurin mara kunyar nan na bayan kasuwa. Da safe kuma ya daina karkata kai, sai dai ya ɗora tafin hannu a kan bonet yana jin motsin injin.

Ranar jana'izar Kawu kun gani da idonku. Malam Iliyasu ya yi wa Fijo sabis, ya tuƙo ta a gaban gawa, ya tsayar kusa da kabari bai kashe ba. Rifkatu ta kai sarewa baki, kuka ya hana ta busawa. Aka yi tsit, ba ka jin komai sai injin. Can wani daga cikin maza ya ɗauki murya daga bakin Fijo, sauran suka bi, waƙa ta tashi.

Allah ya ba ka hutawa, Kawu. Ubangiji ya buɗe maka kunnuwanka sabbi a gabansa, ka ji waƙar da ba ta sauka. Ya kuma ba mala'iku haƙuri da kai. Amin.