Takin da Ya Shanye Mana Tumatir

Har yau in na tuna tumatirin nan sai raina ya ɓaci. Fili ɗaya gare mu a gefen Tiga, wanda aka ba Baba bayan ruwan dam ya cinye garinmu. Da ƙarfinsa ya ƙare, noman rani ya koma hannun yayana. Ni ina koyar da kimiyya a sakandare, sai Asabar nake leƙawa. Da wannan tumatir gidanmu zai ci har damina.

Wata Asabar na tarar da Yaya yana dumbuza takin zamani, cikin hannu guda a gindin kowane dashe. Ƙasa kuwa a bushe ƙamas, injin ban-ruwa yana wajen gyara.

Na ce, "Yaya, don Allah dakata. In ka barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa, ba ruwa take fitarwa ba? Saiwa ma haka take. Fatarta siririya ce, ruwa na ratsa ta, kuma inda gishiri ya fi yawa can yake bi. Takin nan gishiri ne. Maimakon shuka ta sha, ita za a tsotse."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Malam, tun kana goye nake noma. Abinci ne zai kashe shuka?"

Kai! Ni da nake nuna wa ɗalibai wannan abu da dankali da ruwan gishiri kowace shekara! Na haɗiye, babba ne. Da ya tafi sallah, na tsuguna na kwashe takin layi biyu na bakin hanya, na yi jigilar ruwa da bokiti na ba su.

Kwana uku ganye ya yi yaushi. Yaya ya ce wai yunwa ce, ya ƙara wani takin! Kafin sati gona ta ƙone ƙurmus, sai layi biyun nan, kore shar.

Na ɗauka magana ta ƙare, ga hujja a tsaye. Ina! Yaya ya ɗauko Baba a babur, ya nuna masa gonar, ya ce, "Bakinsa ne, Baba. Ya ce za ta mutu, ta mutu. Duba, inda ya ga dama ne kaɗai ya tsira."

Baba ya daɗe yana kallon busassun karare. Na tsaya ina jira ya tambaye ni yadda aka yi, wallahi da na yi masa bayani har da albasar. Bai tambaya ba. A hankali ya ce, daga yau in na zo gona, in riƙa yin shiru.